Igiyar Baba Mai Makulli

Da gari ya waye a gidan hayar nan mai ɗaki ashirin da biyu, ƙarar makullai ce abin da za ka fara ji. Baba Mai Makulli ne ya fito daga ɗakinsa na bakin ƙofa, damin makullai yana lilo a ƙugunsa, tsintsiya a hammata. Sai ya share tsakar gida tas, ya buɗe famfon tanki, sannan ya nufi rumfar kwano da ke bayan gida, inda kekunan 'yan haya goma sha tara suke kwana. A can akwai wani tsohon bututun ƙarfe da ya kafa cikin siminti tun gashin kansa yana baƙi, da doguwar sarƙa da yake zurawa ta cikin gangar jikin kowane keke. Kwaɗo ɗaya ne yake riƙe da su duka, makullinsa kuwa ba ya barin jikin Baba.

Ba a jera kekunan nan yadda aka ga dama. Baba ya san lokacin fitar kowa fiye da mai fitar. Na mai burodi ne a bakin layi, domin shi yake riga kowa. Sai na nas, sai na malamar makaranta mai kujerar yaro a baya, haka har zuwa na tela, wanda ba ya fita sai rana ta take, don haka nasa yana can ƙurya. Yana zare sarƙa yana danna kowace taya da babban yatsa. Wadda ta yi laushi ya ba ta iska, wadda ta sace gaba ɗaya ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar mai ita tun da sauran lokaci: "Tashi, ɗana, dokinka yana ɗingishi." Shekara ashirin da bakwai ya yi yana wannan aiki da ba wanda ya sa shi. Abu ɗaya yake taƙama da shi a duniya, yakan kuma faɗe shi yana dukan ƙirji: a hannunsa ko ƙararrawar keke ba ta taɓa ɓata ba.

Makon jiya Baba ya ajiye makullai. Kamata ya yi wannan rubutu ya zama jinjina zalla, ta farin ciki da tafi. Amma ni ɗan haya ne a gidan, a ɗakin bene, kuma ba zan iya yabon mutumin nan da gaskiya ba sai na faɗi abin da aka yi masa a gabanmu. Har yau in na tuna kunya nake ji.

Bari in fara da abin da mutane suka gani da idonsu. Malama tana da nata labarin. Wata safiya ta makara, ta ɗora ɗanta a kujerar baya za ta fita, Baba ya tsaya ƙyam a gaban keken ya riƙe kansa. Ta ce masa shugaban makaranta ba ya jin uzuri, ta faɗa masa maganar da ba ta dace ba. Sai ya nuna mata wayar birki, ta tsinke saura zare biyu. Hanyar makarantar kuwa gangara ce har bakin titi. Ya gyara mata nan take, yana gyarawa yana wasa da yaron, kamar ba shi aka yi wa tsawa ba.

Mai gyaran agogo ma da nasa. Ƙafafunsa sun shanye tun yana ƙarami, da keke mai ƙafa uku yake yawo, irin wanda ake tuƙawa da hannu. Ranar da ya tare a gidan sai da maza biyu suka ɗaga shi a dakalin bakin ƙofa, yana ta ba su haƙuri kamar ya yi laifi. Kwana biyu bayan nan aka ga gangara ta siminti a wurin. Da ya zo godiya, Baba ya kawar da kai ya ce, "Wace godiya? Ni ma gwiwar nan tawa ce ta dame ni, don kaina na yi."

Kai ne wannan, Baba. Kai ne mai yin alheri ka sa ƙafa ka share sawunsa. Garkuwar ƙofa, wanda bai taɓa tambayar ɗan haya ko wane ne ubansa ba kafin ya hura masa taya.

Ana nan sai tsufa ya kwantar da mai gidan, ya miƙa wa autarsa kula da gidajen haya. Auta ba muguwa ba ce, a faɗi gaskiya. Ita ta sa aka yi fenti, ita ta gyara magudanar da ta shekara tana wari. Baba kuwa shi ya goya ta a kariyar kekensa zuwa makaranta tun tana da giɓi a baki, kuma tun lokacin "uwar ɗakina" yake kiranta. Matsalar Auta ɗaya ce: ta dawo da karatu da zafin nama, tana son duniya ta ga cewa 'ya mace ma ta iya riƙon dukiyar uba. Wata rana wani da matarsa suka zo duba ɗaki, matar ta leƙa rumfar baya ta taɓe baki ta ce, "Nan kuma kasuwar 'yan gwangwan ce?" Maganar ta soki Auta. A ranar ta fara laluben hotunan ƙarfen ajiye kekuna a waya, har ta ga wani mai ƙyalli, haƙora a jere kamar mataji, aka ce mata akwai shi a wani babban shagon kayan gini.

Da Baba ya ji za a sayo sabon ƙarfe, bai yi fushi ba, murna ma ya yi, domin bututunsa ya fara cin tsatsa. Sai ya samo igiyar shanya ya shiga awo. Bai iya karatu ba, bai yarda da tef ɗin awo ba, amma ya san abin da yake nema. Kwana uku yana bin kekunan ɗaya bayan ɗaya. Yakan auna faɗin keke tare da kayansa, wato kan keken, da kwando in da shi, da akwatin mai burodi, da kujerar yaron malama, ya ƙara tafin hannu guda don gwiwar mai fitarwa, sannan ya yi ƙulli. A kowane ƙulli ya ɗaura ƙyallen da ya tsinto a shagon tela, kowa da launinsa. Tazarar da ta fi kowace faɗi ta mai gyaran agogo ce. Muna wucewa muna tsokanarsa, "Baba, riguna za ka ɗinka musu?" Shi kuma ya ce, "Har da hula."

Ranar saye Auta ta tafi da shi don ya kama kaya. Ita da bakinta ta ba ni labarin abin da ya faru, tana bayarwa tana kallon ƙasa. Shagon cike yake da masu saye, mai shagon kuma irin mutanen nan ne da za su iya sayar maka da inuwar gidanka.

"Hajiya, kin iya zaɓe," in ji shi. "Wannan shi ake yayi. Ba ya tsatsa, keke ashirin yake ɗauka. A tura ƙafar gaba, a sa kwaɗo, shi ke nan an wuce wurin."

Auta tana cikin gyaɗa kai sai ta ga Baba ya durƙusa a kan tayil, ya zaro igiyarsa mai tsummokara ya shimfiɗa a jikin ƙarfen. Ƙarfen ya ƙare, igiya ko rabi ba ta kai ba.

"Uwar ɗakina," ya ce, "ashirin ɗin nan na kekunan da ba su da kai ne. Namu suna da kai, suna da kwando. In an matsa, sha ɗaya zai ɗauka. Na mai agogo kuwa ko kusa."

Mai shago ya tuntsire da dariya. "Baba, turken awaki za a kafa ne?"

Masu saye suka taya shi. Baba ko a jikinsa, ya ci gaba. "Sannan ƙafar gaba kaɗai yake riƙewa. Ƙafar gaba noti biyu ne. Mai sifana a aljihu, kafin ka ce kwabo ya bar maka ƙafa ya tafi da keke. Gangar jiki ake ɗaurewa, uwar ɗakina."

Auta ta ce a lokacin ba maganarsa take ji ba, dariyar mutane take ji. Ta dubi silifas ɗinsa da aka ɗinke da waya, ta dubi tsummokaran da ke kwance a kan tayil mai sheƙi, ta ji kamar ita ake yi wa dariyar. Sai ta ce, da muryar da kowa ya ji, "Baba, don Allah naɗe igiyar nan. Kana ba ni kunya a gaban mutane."

Ya naɗe ta a hankali, ƙulli bayan ƙulli, ya sa a aljihu. Ya ce, "To, ranki ya daɗe." Tun da aka haife ta bai taɓa kiranta haka ba. Shi ya ɗauki ƙarfen a kafaɗa ya kai mota.

A waje aka kafa shi, a bakin titi, inda zai fito a hoton tallar gidan. Aka yanke tsohon bututu, aka rufe rumfar baya, aka rubuta lambar ɗaki a kowane haƙori, kowa ya sayi kwaɗonsa. Baba ya yi magana sau ɗaya tak. Ya ce, "In a waje ne, ba ni da ikon ɗaga ƙafa daga bakin ƙofa." Auta ta ce ai kowa da kwaɗonsa. Daga ranar ya daina kishingiɗar rana, abincinsa ma a kan benci a bakin ƙofa yake ci.

Ƙarfen kam ya yi kyau, kyan ɗan maciji. Sha ɗaya ya ɗauka, daidai yadda aka faɗa. Kawunan kekuna suka riƙa sarƙewa da juna, akwatin mai burodi ya fasa fitilar nas, tela mai barcin safe ya riƙa tashi dole domin nasa ya tare na wani. Keken mai agogo kuwa a ƙofar ɗakin Baba ya koma kwana. Kowa ya yi gunaguni a ɗakinsa, ba wanda ya kai wa Auta.

A rana ta tara, da tsakar rana, wayar Baba ta yi ƙara. Wayar tasa irin mai amsa-kuwwar nan ce, in ana magana da shi duk tsakar gida sai an ji. Ina bakin famfo a lokacin, ni da malama da tela da mata biyu masu wanki. Auta ce. Ta ce wasu sun zo duba wani ɗakin bene da babu kowa a ciki, ita kuma cunkoso ya riƙe ta, ya hau da su ya nuna musu.

"Ranki ya daɗe, bakin ƙofa ba kowa. Mai burodi ya shigo cin abinci, kekensa yana waje."

"Haba Baba, minti biyar ne fa. Kada su gaji su tafi."

Ya hau da su. Masu duba ɗaki kuwa ba sa gaggawa, sai da suka murɗa kowane famfo suka buɗe kowace taga. Da ya sauko, ƙafar gaba ce kaɗai a maƙale cikin ƙarfen, kwaɗonta a kulle lafiya lau. Keke da akwatin burodi sun yi gaba.

Da la'asar gida ya cika. Mai burodi yana zaune a ƙasa, ƙafar keken a cinyarsa, yana ta maimaita magana ɗaya: "Da me zan fita gobe? Yara huɗu ne a ɗakin nan." Auta ta iso, ta ga ƙafar keken, ta tuna shagon, ta tuna wayar. Wani daga baya ya yi ƙunƙuni cewa da ma ƙarfen nan ba na arziki ba ne. Nan fa ta shiga borin kunya.

"Ƙarfe ne zai yi gadi?" ta ce. "Ina mai gadin yake lokacin da aka yi? In tsufa ya sa mutum ba ya iya zama a bakin aikinsa, ai sai ya faɗa, ba sai an yi wa bayin Allah asara ba."

Baba ya ɗago ya dube ta sau ɗaya. Kalma biyar ta ishe shi wanke kansa, shaidu kuma ga mu nan tsaye. Amma yarinyar da ya goya ce, a gaban 'yan hayar ubanta. Sai ya cire hula ya ce, "Laifina ne, ranki ya daɗe. A yi haƙuri."

Mu kuwa da muka ji wayar da kunnuwanmu, muka yi tsit. Ni na dubi malama, malama ta dubi tela, tela ya dubi takalminsa. Kowa yana tunanin ɗakinsa da wahalar neman wani. Ba ni da wani suna da zan ba wannan sai tsoro.

Washegari mai burodi ya fito ya tarar da keken Baba a ƙofar ɗakinsa, an ɗaura masa sabon akwatin katako a kariya. Tun daga ranar Baba ya koma tafiya a ƙasa. Magana kuwa zarar bunu ce. A bakin layi aka ce barci yake yi. Kafin mako ya zagayo, a wurin mai shayi an kai ga cewa da ma tsofaffin masu gadin nan da su ake haɗa baki. Matarsa, wadda duk gidan muke kira Iya, ta je ɗebo ruwa ta ji wata tana faɗa wa wata. Ta koma ɗaki ta saki labule, daga ranar ba a ƙara ganinta a tsakar gida ba, Baba ne yake kai mata ruwa. Sunan da ya shekara ashirin da bakwai yana ginawa ya zube cikin yini ɗaya, kuma bai ƙara yin zancen ƙararrawa ba. Sai ya aika wa Auta cewa a ƙarshen wata zai koma wurin ɗansa, jiki ya gaji.

Auta ta saya wa mai burodi wani keke, tana zaton zuciyarta za ta kwanta. Ba ta kwanta ba. Ta daina zuwa gidan, komai sai ta waya. In ta biyo layin sai ta canja hanya. Mahaifinta daga kan gado ya tambaye ta, "Yaya mutumina? Ki riƙe shi da kyau, ya fi ginin daraja." Ta ce yana nan lafiya, ta fita da sauri kamar ta bar wani abu a wuta. Ta ce mini abin da ya fi cinta shi ne "laifina ne" ɗin nan. Da ya yi mata rashin kunya, da ta samu abin riƙewa.

Ƙarfen kuma dole a yi wani abu a kansa, domin kowa ya koma shigar da kekensa ɗaki, mata suna faɗan taya tana ɓata musu shimfiɗa. Sai ta je wurin mai walda na ƙarshen layi ko zai yi masa dabara. Mutumin ya ɗage baƙin gilashinsa ya saurare ta har ta gama.

"Hajiya, wannan ba ya gyaruwa, sai dai a shanya barguna a kai. Amma ai Baba ya riga ki zuwa. Tun kafin ku je saye ya zo nan da igiyarsa, ya zana mini abin da yake so a ƙasa da tsinke. Bututu mai kauri, a lanƙwasa shi kamar kan gado, a binne ƙafafunsa biyu cikin siminti, ba noti ba kusa. Keke ya jingina da jikinsa, kwaɗo ya kama gangar jiki. Ya ce in jira, zai shawo kan uwar ɗakinsa. Na jira ban ga kowa ba."

"Za ka iya yi yanzu?"

"Kawo mini igiyar, kwana uku na gama. In babu ita sai an sake bin kekunan nan ɗaya-ɗaya, ni kuma ban san wanda yake riga wani fita ba. Igiyar nan ta fi takardar injiniya, Hajiya."

Daga shagon mai walda zuwa ɗakin Baba bai fi taku ɗari biyu ba, amma sai da ta kwana biyu kafin ta iya takawa. Ta same shi yana haɗa kaya. Tukwane a buhu, tufafi a akwati, katifa a naɗe a jingine da bango. Abin da aka ɗaure katifar da shi kuwa igiyar ce, tsummokaranta suna reto.

Ta gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya share mata benci da hannun riga. Ta yi ta kame-kame, ta tambayi gwiwarsa, ta tambayi ɗansa. Can ta ce, "Baba, igiyar nan... mai walda yana so."

Bai ce ai na faɗa miki ba. Bai ko yi murmushin da ya cancanta ya yi ba. Ya tashi ya kwance ta, katifa ta warware ta faɗi a ƙasa, ya zo ya shimfiɗa igiyar a gabanta ya durƙusa kamar yadda ya yi a shago. "Ja na mai burodi ne, shi ne farko. Fari nas. Wannan mai faɗin na mai agogo ne, a sa shi kusa da gangara don kada ya sha wahalar juyawa. A ce wa mai walda ya goge bakin ƙarfen, akwai yara a gidan." Ta durƙusa ita ma tana bin ƙullin da yatsa, hawaye yana ɗiga a kan tsummokaran. Ta buɗe baki za ta ce ya yafe mata, sai "na gode" ce ta fito. A bayan labule Iya ta yi tari, ba ta ce mata sannu ba.

A rumfar baya aka kafa sababbin ƙarafan. Baba ne ya tsaya a kan aikin, shi yake yayyafa wa siminti ruwa safe da yamma, yana korar yara da kaji. Ranar da ya bushe aka jera kekuna goma sha tara, kowanne ya shiga wurinsa, babu wanda ya taɓa ɗan'uwansa. Mai agogo ya shiga da nasa ya fito ya sake shiga, don daɗi kawai. Auta ta tsaya daga nesa tana kallo. Aikin ya gyaru, amma a wurin mai shayi har yanzu Baba ne mai gadin da aka yi sata a hannunsa.

Ranar tafiya muka taru a tsakar gida. Motar kaya tana jira a waje. Auta ta zo da kyauta a naɗe da 'yar takardar godiya da ta rubuta, wadda babu komai a cikinta sai kalmomin da ake faɗa wa kowa. Baba ya kwance damin makullai daga ƙugunsa, ya miƙa mata da hannu biyu. Sannan ya juyo gare mu.

"Jama'a, mun zauna lafiya. Wanda na ɓata wa ya yafe mini. Keken da ya ɓata a hannuna kuma, a yafe mini shi, kada ya bi ni."

Takardar ta faɗi daga hannun Auta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta ce, "Ba a hannunsa ya ɓata ba. Ni na kira shi na ce ya hau bene. Ya ce mini bakin ƙofa ba kowa, na ce ya tafi. Ƙarfen ma sai da ya nuna mini kada in saya, ya faɗa mini yadda za a yi satar, na ci masa mutunci a gaban mutane. Na san gaskiya ranar nan, na ɗora masa don in tsira."

"Uwar ɗakina, ya isa," in ji Baba.

Malama ce ta yi magana, kanta a ƙasa. "Mun sani, Auta. Muna bakin famfo lokacin da kika kira. Duk mun ji."

Auta ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya iya haɗa ido da ita, balle da Baba. Ashe kwana ashirin kowa yana ɗauke da kayansa, yana jiran wani ya fara saukewa.

Baba ya murza hularsa a hannu, ya yi gyaran murya. "Ni ba komai, wallahi, na yafe tun ranar. Sai dai in ba damuwa, uwar ɗakina, ki ƙara faɗa da ɗan ƙarfi. Tsohuwata tana bayan labulen can, kunnenta ya yi nauyi. Ni na faɗa mata, amma ta ce ai miji ba ya ba da shaidar kansa."

Auta ta taka har ƙofar ɗakin, ta durƙusa a gaban labule, ta sake faɗa tun daga farko, da ƙarfin da sai da masu wucewa a titi suka tsaya, har mai shayi ya leƙo. Ba ta rage ko kalma ba. Da ta gama, malama ta matsa ta ce ita ma shaida ce, tela ya faɗa, ni ma na faɗa, a makare. Labule ya motsa. Iya ta fito da mayafinta na fita, ta ɗaga Auta ta tsayar da ita, ta share mata fuska da bakin mayafin. Sannan ta ratsa tsakiyarmu kanta a sama, ta fita ta babbar ƙofa, ta tsaya a bakin titi tana gaisawa da maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, direban motar kaya yana ta danna ham ba ta ko waiwaya ba.

Baba, kai ne ka ɗauki laifin da ba naka ba don ka rufa wa 'yar da ka goya asiri, ka rufa mana namu a kan hanya, ba ka kuma taɓa nuna mana ka san mun ji ba. Mun gode da iskar taya, mun gode da gangara, mun gode da haƙurin da ba mu cancanta ba. Allah Ya ba ka lafiyar gwiwa, Ya sa ka huta a hannun ɗanka, kai da Iya. A rubuce nake faɗa don wanda bai zo tsakar gida ba ya ji: shekara ashirin da bakwai, ba abin da ya ɓata a hannunka.

Ku kuma masu karatu, da wuya a ce babu irinsa a ƙofar gidanku ko a wurin aikinku. Ku yi koyi da shi a riƙon amana. Amma kada ku yi koyi da mu. In ya zo da shawara a kan aikin da ya fi ku sani, ku durƙusa ku duba tare da shi, ko da ana dariya. In kuma aka ɗora masa laifi a gabanku alhali kun san gaskiya, ku buɗe baki a ranar. Mu sai da muka bari tsohuwa ta yi kwana ashirin a bayan labule.